Daminar 1988 da Kurar da Ta Fitar da Mu



Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa daga cikin zumuntarku ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Gidan da suke haya a gangare yake, ruwa ya shiga ɗakinsu sau biyu a daminar bana, bango kuma ya fara tsagewa. Mahaifiyarta tana so su koma wurin ƙanwarta har ruwa ya ɗauke. Mahaifinta kuwa ya ce ba inda za shi, Allahn da ya tsare su shekara 12 a gidan ba zai yashe su bana ba. Ta ce, "Baba Fasto, wa ke da gaskiya a cikinsu?" Na ce mata zan amsa a rubuce, domin amsar tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a gidanmu ya faru.

Bari mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Kanawan dā da ƙasa suka gina ganuwa da gidajensu, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini rami ne ke saura. Ramukan nan su ne kududdufai. In ruwan sama ya sauka sai ya tarar da masauki a kowace unguwa, abin da ya yi saura ya gangara Jakara, wadda ta taso daga cikin birni wajen kasuwar Kurmi, ta ratsa Fagge, ta bi gefen Sabon Gari, ta nufi arewa maso gabas. Ita Fagge zangon fatake ce a bayan ganuwa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ba da daɗewa ba aka yanka Sabon Gari domin baƙin da suka biyo shi, layi-layi a miƙe kamar an ja da zare. Wanda ya yanka filayen nan bai taɓa tunanin yawan mutanen da ke kwana a cikinsu yau ba.

Sai fari ya zo. Daga 1972 zuwa 1974 ruwa ya ƙi, shanu suka mutu, rumbuna suka ƙare. Ba a gama farfaɗowa ba wani ya sake zuwa a 1983 da 1984. Mutanen ƙauye suka kwararo birni neman abinci, Musulmi da Kirista, kowa yana neman ɗakin da zai sa kansa. Aka rinƙa cike kududdufai da shara ana yanka su fuloti. Aka yi gini a cikin kwari, a kan hanyar da ruwa ya saba bi, tun da an yi shekaru ba a ga ya bi ta can ba. Gwamnati ma hankalinta yana kan yadda za a tara ruwa: a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan babbar ta Tiga wadda aka gama a 1974. Addu'ar iyayenmu a shekarun nan, a majami'a da a masallaci, ta roƙon ruwa ce. Ba wanda ya koya wa 'ya'yansa tsoronsa.

A 1988 ruwan ya dawo da bashin da ake binsa. Agusta dama ita ce tsakiyar damina a Kano, amma ta wannan shekara dabam ce, ana yi yau a wayi gari ana yi, ƙasa ba ta samun ranar da za ta sha iska. A tsakiyar watan madatsar Bagauda ta fashe, ruwanta ya bi gonaki da ƙauyukan da ke ƙasa da ita. An yi asarar rayuka fiye da 100 a jihar, dubban gidaje suka rushe. Yaran yanzu kan ɗauka ruwan Bagauda ne ya shigo Fagge da Sabon Gari. Ba haka ba ne, Bagauda tana can kudu da nisa. Abin da ya ci gidajen cikin gari ruwan sama ne kawai, wanda ya nemi kududdufinsa ya tarar an gina ɗaki a kai. A wannan watan ne kuma ruwa ya mamaye birnin Khartoum na ƙasar Sudan, bayan su ma sun sha fari irin namu.

Shekarata 8 a lokacin. Muna haya a wani gidan ƙasa a bakin kwari tsakanin Fagge da Sabon Gari, ɗaki biyu ne namu, da ni da ƙannena biyu da Mama da Baba da Kaka, mahaifiyar Baba. Baba tela ne. A ɗakin da ke jikin namu akwai wata gwauruwa mai tuyar ƙosai da 'ya'yanta mata biyu, ƙaramar sa'ata ce, tare muke zuwa Makarantar Lahadi.

Gargaɗin bai zo daga rediyo ba. Wani tsohon magini ne maƙwabcinmu, Musulmi, wanda Baba ke yi wa ɗinkin sallah. Wata safiya ya shigo karɓar rigarsa, ya tsaya yana duban bangonmu na baya. Ya dafa shi, ya kankare da farce, ƙasar ta biyo yatsansa kamar tuwo. Laima ta hau har gwiwa. Ya ɗaga kai ya dubi azara, sannan ya ce wa Baba, "Malam Tela, ginin nan ya sha ruwa tun daga tushe. In da ni ne ba zan ƙara kwana da iyali a ƙarƙashinsa ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa, nan da ka gani kududdufi ne ina yaro."

Daren nan aka yi gardama a gidanmu, irin wadda ake yi yanzu a gidan 'yar'uwar nan. Kaka ta ce ba ta tashi. A ɗakin nan ta zauna a Disamba 1980, lokacin rikicin Maitatsine, ana jin harbi daga 'Yan Awaki, Ubangiji ya tsare ta, ruwa ne zai kore ta? Wani ɗan'uwa daga ƙungiyar addu'a ya zo da yamma, mutumin kirki ne mai himma, ya shafa wa bangon mai, ya yi addu'a da ƙarfi, ya ce wa Baba fita daga gidan zai zama shaida mara kyau a gaban maƙwabta, za su ce Allahn Kirista bai iya riƙe bango ba. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma bai yi makarantar tauhidi ba. Abin da na ji ya ce wa Kaka shi ne, "Inna, mun roƙi Allah ya tsare mu, ya aiko mana da magini har cikin gida. Me kuma muke jira, mala'ika?"

Washegari ya ɗauko mai kura daga bakin kasuwar Sabon Gari, irin kurar katako mai ƙafa biyu ta ɗaukar kaya. Aka ɗora keken ɗinki da fari, domin shi ne abincinmu. Aka sa katifa, da tukwane biyu, da buhun masara da ya rage rabi, da akwatin ƙarfe na Mama wanda ke ɗauke da takardar aurensu da katin baftisma da takardun haihuwarmu. Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi Mama ta naɗe su a leda ta sa a cikin zanenta. Gado da kabad aka bari. Kaka ta fito daga ƙarshe, ba don ta yarda ba, sai don Baba ya durƙusa a gabanta ya ce in ba ta fita shi ma zai zauna, yaran su tafi su kaɗai. Ana yayyafi muka bi bayan kurar, ruwa yana kai mini ƙwauri a wasu wurare, har majami'a, inda dattawan ikilisiya suka buɗe mana aji ɗaya na makaranta.

Kwana uku ba abin da ya faru. Wannan ne wurin da ya fi wuya, kuma ina so ku lura da shi. Sauro ya cinye mu a ajin. Kaka ba ta yi wa Baba magana. In ya koma unguwa duba sauran kaya, sai a tambaye shi cikin raha ko jirgin Nuhu ya kusa tashi. Shi kansa, daga baya ya gaya mini, a rana ta uku ya yanke shawara cewa in gari ya waye lafiya za mu koma.

A dare na huɗu aka yi ruwa tun daga sha biyu har asuba. Bangon baya ya zauna, azara ta biyo shi, rufin ɗakunanmu biyu ya sauko a kan gadon da muka bari. Bangon nan ɗaya ne da na ɗakin gwauruwar. Ita da babbar 'yarta maƙwabta suka zaro su da rauni. Ƙaramar ba a same ta da rai ba.

Zan dawo kanta. Bari in fara amsa tambayar da aka yi mini.

Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen Allah da suka tashi tun masifa ba ta iso ba, kuma ba a taɓa kiransu marasa bangaskiya ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta lissafta sassaƙa jirgin Nuhu a matsayin aikin bangaskiya, domin ya yarda da gargaɗi a kan abin da ido bai gani ba tukuna. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jaririn da dare ya gudu Masar daga hannun Hirudus, alhali jaririn nan Ɗan Allah ne, wanda rundunar mala'iku za su iya kewaye shi a Baitalami. Almajirai suka zura Bulus cikin kwando ta kan garun Dimashƙu. Amma wurin da na fi so in kai ku shi ne Fitowa sura 9, domin kai tsaye maganar hadari ce. Musa ya faɗi cewa gobe war haka ƙanƙara za ta sauko, a shigar da mutane da dabbobi. Cikin fadawan Fir'auna waɗansu suka gaggauta suka shigar da bayinsu da shanunsu, waɗansu suka bar nasu a fili. Marubucin ya kira na farkon masu tsoron maganar Ubangiji, na biyun kuwa ya ce ba su kula da ita ba. A wannan rana, alamar mai tsoron Allah ita ce an gan shi yana kora shanu cikin gida.

Shi kuwa tsayawa a ƙarƙashin bangon da magini ya ce zai faɗi, don a ga ikon Allah, yana da suna a cikin Matiyu sura 4. Iblis ne ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya jawo masa alkawarin tsaro daga Zabura, ya ce ya dira. Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Ɗan'uwan nan da ya shafa wa bangonmu mai ba mugu ba ne, na san shi har ya tsufa, amma ayar da ya riƙe a ranar, ta bakin da ba daidai ba ya karɓe ta. (Ku kuma daina cewa Littafi Mai Tsarki ya ce "tashi in taimake ka". Maganar mutane ce, ba ta cikinsa, kuma ba ma bukatarta tun da ga Fitowa 9.) Ikilisiyar farko ta fahimci haka. Yusibiyas, bishop na Kaisariya wanda ya rubuta tarihin Ikilisiya a ƙarni na 4, ya ba da labarin cewa Kiristocin Urushalima sun fice zuwa garin Fella a ƙetaren Urdun kafin Romawa su rushe birnin a shekara ta 70.

To, 'yata, a kan wannan mahaifiyarki ce ke da gaskiya. Amma ki faɗa wa mahaifinki cikin ladabi, domin abin da yake kira bangaskiya wataƙila nauyin zuwa zama a gidan suruki ne, da tsoron ɓarayi su kwashe abin da ya bari, da tunanin kuɗin hayar da ya riga ya biya. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga magidanci.

Da a nan tarihin ya tsaya, da na ji daɗin rubuta shi. Baba bai taɓa ba da labarin nan a matsayin shaidar nasara ba. An sha roƙonsa ya tashi ya faɗa a lokacin shaida, yakan ƙi. Abin da yake cewa, har shekarar da ya rasu, shi ne, "Akwai sauran wuri a kan kurar nan." Ya gaya wa gwauruwar abin da magini ya ce, ba ɓoye mata ya yi ba. Ta ce ta ji, amma ina za ta? Ba ta da kowa a Kano, ba ta da kuɗin kura, kuma in ta bar bakin layin da take tuya kwana biyu wata za ta zauna a wurin. Baba ya ce Allah ya tsare, ya tafi. Bai zo masa a rai ba ya ce ta ɗauko kaskonta ta ɗora, ajin makaranta ya ishe mu duka. Ba wanda ya ɗora masa laifi, har ita. Shi ne bai sauke wa kansa ba.

Shekaru 17 bayan haka na ga labarin gidanmu a talabijin, a ƙasar da ta fi kowace arziki. Mu a Kano ba mu san mahaukaciyar guguwar teku ba, ko da yake masana yanayi sun nuna cewa da yawa daga cikin manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka, daga hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma da damina suke samo asali, ya bi ta kanmu ya faɗa tekun Atlantika ya ƙara ƙarfi. Ran Lahadi 28 ga Agusta 2005 magajin garin New Orleans, Ray Nagin, ya ba da umarnin kowa ya bar birnin domin guguwar Katrina. Mafi yawan mutane suka loda iyalinsu a mota suka fita. Ran Litinin guguwar ta iso, shingayen da ke tare ruwa suka fashe, kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum 1,000 suka mutu. Da aka duba waɗanda suka rage a ciki, da yawansu ba taurin kai ne ya tsayar da su ba. Tsofaffi ne, da marasa lafiya, da talakawan da ba su da mota, ga shi ƙarshen wata aljihu ya bushe. Dubbai suka taru a filin wasa na Superdome. Hoton da ban manta ba shi ne na motocin makaranta jere a wurin ajiyarsu, ruwa ya kai musu taga, ba wanda ya hau.

A makarantar tauhidi aka sa mu karanta wata doguwar wasiƙa da Martin Luther ya rubuta a 1527, lokacin da annoba ta shiga Wittenberg ta ƙasar Jamus. Wani fasto daga Breslau, Johann Hess, ya tambaye shi ko ya halatta Kirista ya guje wa annoba. Luther ya ce gudun mutuwa ba zunubi ba ne, kuma wanda ya ƙi magani da kiyayewa da sunan bangaskiya gwada Allah yake yi. Amma ya ɗaura wa amsar sharaɗi: mai riƙe da amanar wani, fasto ne ko mai mulki ko uba ko maƙwabcin wanda ba shi da mai taimako, ba shi da izinin tafiya sai ya tabbata an kula da wanda zai bari. Shi kansa bai tafi ba, ko da yake an kwashe jami'arsu zuwa Jena, matarsa kuma tana da ciki. Gidansu ya zama wurin jinya. Ranar da na karanta wannan a ɗakin karatu, na rufe littafin na fita waje, domin na ga Baba ya kai ga wannan koyarwa tun 1988 ba tare da ya taɓa jin sunan Luther ba, sai dai shi da tsada ya saye ta.

Kada kuma wani ya ce yarinyar nan ko uwarta wani zunubi suka yi. An faɗi haka a unguwa a lokacin, na ji da kunnena. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Luka sura 13, da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Bangon ƙasa da aka gina a kan kududdufi ne ya jiƙa ya faɗi.

Tun daga nan ruwa bai daina tuna mana ba. A 2012 da 2022 kogin Binuwai da na Kwara suka cika suka raba miliyoyin mutane da gidajensu. A 2022 ɗin nan ruwa ya shiga Kantin Kwari, nan ƙaramar hukumarmu, ya lalata atamfofi da yadudduka na 'yan kasuwa. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara 30 cif bayan irin haka ta faru a 1994. Bambancin zamaninku da na Baba shi ne ku kuna da magini a aljihu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, saƙo yana yawo a WhatsApp kafin hadari ya haɗu. Amma saƙon waya ba ya biyan kuɗin A Daidaita Sahu, ba ya kuma buɗe wa mutum ɗakin da zai kwana.

Na yi magana da dattawan ikilisiya, sun amince a buɗe azuzuwa biyu na Makarantar Lahadi daga yanzu har ƙarshen Satumba ga duk wanda ɗakinsa ya nuna alama, ɗan ikilisiya ne ko maƙwabci Musulmi. Abin da ya rage shi ne sanin su wane ne, kuma ba za su zo da kansu su faɗa ba. Ran Asabar da ƙarfe 7 na safe ina jiran zumuntar matasa a harabar majami'a. Za mu rabu biyu-biyu mu bi layukan Kwaciri da ke gangare, mu rubuta gidajen da bangonsu ya jiƙa ko ya tsage, da inda akwai tsoho ko gwauruwa ko mara lafiya da ba shi da mai ɗaukarsa. Ku zo da shebur da manjagara domin kwatocin da leda ta toshe. Waɗanda ke da A Daidaita Sahu a cikinku su ba sakatare lambar wayarsu, kuma a bar wayar a kunne da dare. Na roƙi wani magini ya raka mu, shi zai rinƙa dafa bangon.